Wayar ce ke hana ni barci, ko tunanin da ke cikinta?

Ɗan Farin Gada:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da wata damuwa da nake so masu sani su taimaka min a kai, don abin ya fara fin ƙarfina.

Sana'ata lodin kayan gwari ce a kasuwar Farin Gada da ke Jos: dankalin turawa daga Bokkos da Mangu, kabeji, karas, koren wake, da tattasai in lokacinsa ya yi. Mukan haɗa gwiwa mu huɗu mu cika mota guda ta nufi kasuwar Mile 12 a Legas, wani sa'in Fatakwal ko Anacha. Wanda ya san gwari ya san ba kayan jira ba ne. Mota ta ƙara kwana ɗaya a hanya, kabeji ya fara ruwa, to jarinka ne ke tsiyayewa. Shi ya sa duk daren da mota ta tashi, wayata a ƙarƙashin filo take kwana. Direba zai kira daga Akwanga, ya kira daga Lokoja, in taya ta fashe ko an tsare shi a shinge ni zan tura kuɗi cikin dare. Wannan na saba da shi tun ina yaron kasuwa, ban taɓa ɗaukarsa matsala ba.

Abin da ya dame ni shi ne yanzu ko babu mota a hanya ba na barci. Zan kwanta wajen ƙarfe goma da niyyar in leƙa farashi a zauren WhatsApp na 'yan kasuwa. Daga nan sai Facebook, sai TikTok, sai wani ya turo hoton wani hari a ƙauye, ni kuma ina da manoma a can, wasu ina bin su kaya, wasu suna bi na kuɗi. Kafin in ankara ƙarfe ɗaya ta gota. In na ajiye wayar kuma sai lissafi ya taso. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi, ribar da muke ci a da yanzu hanya ke cinye ta, kuma akwai bashin da ban san ta inda zan ɓullo masa ba. In lissafin ya ishe ni sai in sake ɗaukar wayar don in manta.

Asuba ta yi in tashi, in fita cikin sanyin nan namu, kaina na sarawa. Lissafin da a da nake yi da ka yanzu sai na rubuta. Abinci ba ya min daɗi. Wani lokaci ina zaune a rumfa ƙirjina ya hau bugawa ba gaira ba dalili. Abin da ya fi ci min rai shi ne gida: na zama mai saurin faɗa, har yara sun fara yin tsit in sun ji sallamata. Goro da shayi kawai ke riƙe ni, goro da la'asar, shayi mai kauri wajen mai shayin unguwa bayan isha'i.

Uwargida ta ce wayar ce, in rabu da ita. Abokin lodina ya ce tunani ne, waya ba ta da laifi. Wani mai kemis ya ce zai ba ni ƙwayar barci, ban karɓa ba tukuna. To wane ne mai gaskiya a cikinsu? Kuma yaya mutum irina zai yi, wanda ba zai iya kashe waya da dare ba? Sannan ku gaya min tsakani da Allah, wannan ba shi ne farkon taɓin hankali ba?

Ma'aikaciyar Jinya:

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya ba da lafiya. Uwargida da abokinka duk suna da gaskiya, sai dai gaskiyar ɗaya ta fi nauyi.

Bari in fara da haske. A cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan gungun jijiyoyi da ke aikin agogo, shi ke sanar da jiki yanzu rana ce, yanzu dare ne, kuma da hasken da ke shiga ido yake saita kansa. In duhu ya yi sai jiki ya saki sinadarin melatonin, wanda ke shirya mutum ya kwanta. A can bayan ido akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu auna haske ne, kuma sun fi jin haske mai ruwan shuɗi, irin na fuskar waya da fararen fitilun zamani. Maganar agogon jiki ba shaci-faɗi ba ce, a 2017 masana uku 'yan Amurka, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, sun samu kyautar Nobel saboda gano yadda yake aiki.

Amma mutane na wuce gona da iri a kan hasken. Binciken da aka fi ambata shi ne wanda masana a jami'ar Harvard suka fitar a 2015. Mutum 12 aka sa suna karatu a iPad na awa huɗu kafin barci, dare biyar a jere, aka kwatanta da lokacin da suke karanta littafin takarda. Melatonin ɗinsu ya ragu ya kuma makara, da safe sun fi jin kasala. Sai dai ƙarin lokacin da suka ɗauka kafin barci ya kwashe su kusan minti 10 ne kawai. Kai kuma awa uku kake yi idonka biyu. Ka ga haske yana da kasonsa, amma ba shi ne babban mai laifi a wajenka ba.

Babban shi ne abin da kake kallo da abin da kake tunani. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar gaɓa da ke sakin sinadaran adrenalin da kotizol in mutum ya ji barazana. A ƙa'ida kotizol da safe yake yawa don ya tashe ka, tsakar dare kuma ya yi ƙasa sosai. In ka kalli hoton hari a garin da kake da mutane, ko ka tuna mai bin ka kuɗi, jiki ba ya cewa ai kana kan gado ne. Zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure, ya shirya maka gudu ko faɗa. Wanda jikinsa ke wannan hali ba ya barci ko da an kashe duk fitilun Jos. Washegari kuma ƙwaƙwalwar da ba ta huta ba ba ta iya danne fushi da tsoro kamar yadda ta saba, ƙaramin abu ya zama babba, dare ya yi damuwar ta ƙaru. Haka suke ciyar da juna. Faɗan da kake yi a gida daga nan yake, ba halinka ne ya lalace ba.

Sai goro da shayi. Duka biyun suna ɗauke da kafeyin, sinadarin da ke wartsakar da mutum ya kore barci, kuma jiki na ɗaukar wajen awa biyar kafin ya rage rabin abin da ka sha. Wani bincike a Amurka a 2013 ya nuna cewa miligiram 400 na kafeyin, ko da awa shida kafin kwanciya aka sha, yana rage barci da fiye da awa ɗaya. Goron la'asar da shayin bayan isha'i suna nan a jininka ƙarfe goma sha biyun dare. Ka mayar da su safe, bayan azahar ka haƙura.

Ƙwayar mai kemis kuwa, don Allah kada ka karɓa. Yawanci diazepam ce ko danginta. Tana sa barci a kwanakin farko, cikin 'yan makonni jiki ya saba, sai an ƙara, in an daina rashin barcin ya dawo fiye da da. Akwai inda likita ke ba da ita na ɗan taƙaitaccen lokaci, amma shi ne zai yanke wannan bayan ya duba ka.

Abin da za ka iya farawa yau: lokacin tashinka ya zama ɗaya kullum, wannan asuba ta riga ta yi maka. Ka samu hasken rana da safe, wanda kasuwa na ba ka. Lissafin nan da ke zuwa maka a gado, ka yi shi bayan magariba da biro da takarda, ka rubuta wa kake bi, wa ke bin ka, me za ka yi gobe, ka rufe littafin. In ka kwanta ka ga an kai kamar minti 20 barci bai zo ba, kada ka yi ta juyi. Tashi ka zauna a wuri mai ƙarancin haske, ka yi zikiri ko wani abu marar tayar da hankali, sai ka ji barci ka koma. Ana so ƙwaƙwalwa ta daina ɗaukar gado a matsayin wurin lissafi. Babba yana buƙatar aƙalla awa bakwai.

Tambayarka ta ƙarshe: a'a, abin da ka bayyana ba hauka ba ne. Amma rashin barci mai tsawo yana iya buɗe ƙofa ga ciwon damuwa da ciwon fargaba, kuma waɗannan cututtuka ne da ake magani. In ka yi mako biyu ko fiye kusan kullum ranka a jagule, abin da kake so a da ya fita kanka, ba ka cin abinci, kana jin ba ka da amfani, to lokacin ganin likita ya yi. In tunanin gara mutuwa ya taɓa zuwa maka, a ranar za ka je, ba gobe ba, kuma ka gaya wa wani na kusa. Bugun ƙirji da ciwon kan nan ma su kaɗai sun isa a auna jininka a wannan makon.

Mai Gyaran Waya a Terminus:

Oga sannu. Ni ba likita ba ne, waya ce sana'ata, ta nan zan shigo.

Direba kiranka yake yi, ba TikTok yake turo maka ba. To raba su. Nemi ƙaramar waya mai madannai, irin mai tocilan nan, ka sa mata layin da direbobi da abokan lodinka da mai karɓar kaya a Legas kaɗai suka sani. Ita za ta kwana kusa da kai. Babbar ta kwana a falo tana caji. In dole sai ka tura kuɗi cikin dare, lambar banki da ake dannawa tana aiki a ƙaramar waya ba sai da data ba, illa iyaka layin ya zama wanda ke haɗe da asusunka. Cajinta kuma yana kwanaki, ko an ɗauke wuta ba ruwanka.

In ba ka son waya biyu, Android da iPhone duk suna da tsarin da ke toshe kira da saƙonni da dare, ka zaɓi lambobin da za su iya shigowa. Amma gaskiya ban cika yarda da shi ba, tunda wayar na nan a hannunka. Da gangan aka ƙera waɗannan manhajoji ba su da ƙarshe. Wannan bidiyo ya ƙare wani ya hau da kansa, kuma suna lura da abin da ka fi tsayawa a kai su ƙaro maka irinsa. In kana tsayawa kan hoton rikici, rikici za su yi ta kawo maka. Ga datar dare da ake sayarwa da araha, yara da yawa ita ke cinye musu dare.

In Android ce, shiga saitin wayarka ka nemi Digital Wellbeing, zai nuna maka awa nawa ka yi a kowace manhaja. Sau da yawa in na nuna wa kwastoma nasa sai ya yi shiru. A WhatsApp kuma ka kashe sauke hoto da bidiyo kai tsaye, zaurukan da ba na kasuwa ba ka sa su shiru.

Tsarin nan da ke mayar da fuskar waya ruwan ɗorawa da dare, yana rage wa ido zafi, amma kada ka dogara da shi. An gwada shi a jami'ar Brigham Young ta Amurka a 2021, ba a ga wani bambanci a barcin masu kunna shi da waɗanda ba su kunna ba.

Tsohon Malamin Makaranta, Gangare:

Ɗana, Allah ya yaye maka, ya rufa asiri.

Ya zo a Bukhari da Muslim daga Abu Barza cewa Manzon Allah (SAW) ya kasance ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. A Suratun Naba'i kuma Allah ya ce ya sanya barci hutu, dare sutura, rana lokacin neman abinci. A zamaninmu hirar dare tana da iyaka, domin abokin hira zai yi hamma ya ce sai da safe. Waya ba ta hamma.

Amma akwai abin da mu mutanen Jos ba mu cika faɗa ba. Wanda ya ga rikicin Satumbar 2001, ya ga na Nuwambar 2008, ya ga na Janairun 2010, ya ji ƙarar bam ɗin Terminus a watan Mayun 2014, kunnensa ɗaya ba ya barci. Musulminmu da Kiristanmu duk haka muke. Na san dattawa da har yau in taya ta fashe a titin Bauchi sai sun miƙe tsaye. Kai da kake da mutane a Bokkos, bayan hare-haren da aka kai can a Disambar 2023, ba abin mamaki ba ne hoto ɗaya ya hana ka runtsawa. Ba raunin zuciya ba ne, ka ga abin da ka gani. A da sai safiya muke kunna rediyo mu ji abin da ya faru, an riga an tace. Yanzu tsakar dare hoton ke shigowa ɗakinka, wani ma tsoho ne na shekarun baya ko na wata ƙasa, an sake masa suna. Ka tambayi kanka, labarin da ka gani ƙarfe ɗayan dare, me za ka iya yi a kai kafin asuba? In abin gudu ne ya zo unguwarku, maƙwabta za su buga maka ƙofa.

Kada kuma wani ya ce maka damuwa ƙarancin imani ce. Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekarar baƙin ciki ake kiranta. Kuma cikin addu'ar da Manzon Allah (SAW) ya yawaita, ya haɗa neman tsari daga damuwa da baƙin ciki da kuma nauyin bashi a wuri guda. Ka riƙe ta safe da yamma, ka kuma je asibiti kamar yadda 'yata ma'aikaciyar jinya ta ce. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

Sai abu biyu na kasuwa. Ku huɗu kuke cika mota, me ya sa kai kaɗai ke gadin ta? Ku raba, wannan tafiya wane ke riƙe da direba, ta gaba wane. Sannan manoman da ke bin ka, kada ka riƙa ɓuya. Ka je da rana tsaka, ka tafi da wani dattijon kasuwa, a zauna a tsara yadda za ka biya kaɗan-kaɗan. Manomi ya san abin da mai ya yi wa kowa, shi ma taki ya saya. Yawancin abin da ke hana mai bashi barci shi ne rashin sanin ranar da za a zo masa. In kuma ka samu sarari bayan azahar, ka ɗan yi ƙailula a bayan rumfa.

Uwa daga Rikkos:

Malam, na karanta naka sai da na yi hawaye, don na ga irinsa a ɗakina.

Maigidana tela ne. Shi ma da rashin barci ya fara, waya a hannu har kiran sallar farko. Ni ma irin maganar matarka na yi. Har ɓoye wayar na riƙa yi. Ka san me ya faru? Sai ya kwanta ya zuba wa silin ido har gari ya waye. A nan na gane wayar mafaka ce ya samu, abin da yake gudu yana cikin ƙirjinsa. Daga baya ya daina zuwa shago, ya daina magana, ɗinkin sallah na mutane ya taru. Dangi wasu suka ce sammu ne, wasu suka ce iska. An yi hayaƙi, an yi rubutu, kuɗi ya tafi. Wani ƙaninsa ne ya matsa aka kai shi asibiti, aka ce ciwon damuwa ne. An ba shi magani, ana kuma zama da shi ana magana. Maganin ba ya aiki nan take, sai da aka yi makonni kafin mu fara ganin sauyi, har shi ya so ya daina. Yanzu alhamdulillahi yana kan kekensa. Addu'a kuwa ba mu taɓa dainawa ba.

Ba ina cewa naka ya kai nan ba ne. Kai har yanzu kana fita kasuwa, kana kuma iya faɗin abin da ke damunka, shi bai iya ba. Abin da nake roƙonka shi ne ka gaya wa matarka maganar bashin. Ni sai a asibiti na ji cewa akwai kuɗin mutane a kansa, kuma da na sani da wuri da na rage wasu buƙatun da nake kai masa. Mu mata in ba a gaya mana ba, abin da muke gani shi muke zargi, ita kuma waya take gani. Yaran ma ka kira su ka ce Baba ba shi da lafiya ne kwanan nan. Suna ganewa fiye da yadda muke zato.

Ɗalibi a Naraguta:

Ni fa ban yarda a ɗora wa waya komai ba. A ɗakinmu na makaranta hayaniya ba ta ƙarewa, sai na sa abin kunne na kunna karatun Alƙur'ani nake samun barci. In aka ce in kai ta wani ɗaki, ni an cuce ni.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ƙanina, saurare daban, kallo daban. Muryar da ka saba da ita, marar ba-zata, tana iya kwantar da hankali. Ka saita ta tsaya da kanta bayan rabin awa, ka kife wayar, sautin kuma kada ya yi ƙarfi saboda kunnenka. Ƙailular da Baba ya ambata ma tana da kyau, amma ta tsaya a minti 20 zuwa 30, kuma kada ta kai bayan la'asar, in ba haka ba za ta ci daga barcin dare.

Ɗan Farin Gada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, na gode da addu'a. Hajiya ta Rikkos, maganarki ce ta fi shiga ta, Allah ya ƙara wa maigida lafiya.

Ga inda ake. Na sayi ƙaramar wayar, babbar tana kwana a falo. Na bar goron la'asar, wanda ya ba ni ciwon kai a kwanakin farko amma ya lafa. Na je an auna jinina, an ce ya ɗan hau, in dawo a sake aunawa kafin a ce komai. Na zauna da uwargida na buɗe mata littafin lissafi, ba ta ce komai ba sai da ta gama dubawa, sannan ta ce me ya sa na riƙe wannan ni kaɗai. Maganar raba gadin mota, biyu sun yarda, ɗaya ya ce shi barcinsa nauyi gare shi ba zai ji kira ba, muna kan magana. Manoman Bokkos ban je ba tukuna, ina jiran dattijon da zai raka ni ya dawo daga tafiya.

Yanzu barci na ɗauka ta da wuri fiye da da. Sai dai wani sabon abu, ko kuma da can yana nan ban lura ba: wajen ƙarfe uku nake farkawa, kuma shi ke nan har asuba, zuciyata a cunkushe. Abincin ma har yanzu turawa nake yi. Sista, wannan na cikin abin da kika ce? In zan je asibiti, wace ƙofa zan shiga, me zan ce? Ba na so a gan ni a layin masu taɓin hankali, kasuwa ce, magana ba ta ɓuya.

Sannan na fara tunanin direbanmu. Shi daga Jos har Legas kusan ba ya runtsawa, goro da lemon ƙara kuzari kawai, kuma mu ne ke matsa masa ya isa da wuri.

Ma'aikaciyar Jinya:

Alhaji, ka yi ƙoƙari sosai. Farkawa da sauran dare a kasa komawa, tare da cunkushewar zuciya da rashin cin abinci, suna cikin alamomin da likita ke so ya ji, don sukan zo tare da ciwon damuwa. Ba zan iya cewa shi ne daga nan ba, sai an zauna da kai. Kada ka jira ya wuce da kansa.

Ba sai ka nemi wata ƙofa ta daban ba. Ka yanki kati a sashen marasa lafiya na yau da kullum, inda mai zazzaɓi da mai hawan jini ke zuwa, tunda ma an ce ka dawo awon jini. Ka faɗi abin da ka rubuta mana a nan yadda yake, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wataƙila a duba sukari da aikin 'yar gaɓar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, don su ma suna kawo bugun zuciya da rashin barci. In likita ya ga da buƙata shi zai tura ka gaba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa, Kaduna. Abin da ka faɗa wa likita sirri ne. A watan Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta tanadi kare haƙƙin mai neman magani. Yawancin waɗanda ke wannan layi mutane ne irinka masu sana'a da iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum ɗaya cikin takwas a duniya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, mafi yawa damuwa da fargaba.

Kafin ka je, ka riƙa rubuta lokacin da ka kwanta, lokacin da ka farka, abin da ka ci ko ka sha da yamma, da ko akwai mota a hanya a daren. Ka tafi da takardar, da duk wani magani da kake sha, har na gargajiya. In ka farka ƙarfe uku kada ka je falo wajen babbar wayar, kada kuma ka yi ta duba agogo.

Direbanku kuwa, an yi gwaji a Ostireliya an ga cewa wanda ya yi awa 17 bai yi barci ba, saurin hankalinsa na raguwa kamar na wanda ya ɗan sha giya. Goro na ɓoye gajiyar ne, ba ya cire ta. Ku nemi mai motar ya haɗa shi da direba na biyu su riƙa karɓar juna, in hakan bai yiwu ba ku ba shi izinin ya tsaya a Lokoja ya kwanta na 'yan awanni, ku sa wannan cikin lissafin lokacin lodi tun daga Farin Gada.